Minti Huɗu Daga Benci Zuwa Ƙofa

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni makaranciya ce, ba marubuciya ba, kuma na san wadda ta saba zama a kujerar baya bai kamata a wayi gari a gan ta gaban allo riƙe da alli ba. Sau uku ina yaga shafin farko. Sai dai labarin nan ya zauna mini a ƙirji, ya hana ni jin daɗin karanta na kowa, shi ya sa na ce bari in sauke shi ko na huta. Inda kuka ga na yi tuntuɓe, ku kawar da kai.

A gida Auta ake ce mata. A wurin aiki kuwa, wani kamfani mai rubuta wa asibitoci manhajar kwamfuta, a hawa na uku inda taga ɗaya ce tak take buɗuwa, sunanta Takalmi-a-Tukunya. Daga bakinta sunan ya fito. Duk lokacin da aka ba ta aikin wani ta duba, ta tarar ya cusa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba a wuri guda, kamar lissafin lokaci da buga takarda, sai ta gyara zaman tabarau ta ce an ajiye takalmi a cikin tukunya. Tun ana dariya har aka saba. Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata, har zanen tukunyar ya yi da takalmin a ciki, ya liƙa mata a bayan kujera.

Ba wanda ya san maganar ba tata ba ce. Ta Yaya ce.

Yaya ya girme ta da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya fara shigo da kwamfuta gidansu. Yana tsakiyar aikinsa na rubuta manhaja, ana ta cewa wannan zai yi nisa, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Yaya ya ɗauki hutun wata uku. Wata ukun nan ne ya miƙe ya zama shekara shida. Shi ne ɗagawa, shi ne kwantarwa, shi ne wanka, shi ne kai Baba asibiti duk ranar Talata. Don kada a zauna hannu rabbana, ya buɗe 'yar rumfar gyaran waya a bakin layinsu, daidai inda in Mama ta leƙo ƙofa ta ɗaga hannu zai hango ta.

A cikin shekarun nan ya koya wa Auta aikin. Da rana, in Baba ya samu barci, sai su baje a teburin cin abinci. Kwamfutar ta ga duniya. Batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take numfashi, madanni ɗaya ya ɓalle, Yaya ya manna maɓallin riga a gurbinsa. In Mama ta zo wucewa ƙafarta ta harɗe wayar, allon ya yi baƙi, aikin awa biyu ya bi iska, sai Yaya ya dafe kai ya ce Mama ta sake korar musu ma'aikata. Mama ta ce ita ba ta ga ma'aikata ba, malalata biyu ta gani sun tare mata tebur.

Abu biyu ya fi nanata wa Auta. Na farko takalmin nan da tukunya. Na biyu kuwa, kafin ta goge layin da wani ya rubuta, ta fara tambayar kanta me ya gani da ya sa ya rubuta shi. Na farkon ya zauna mata a baki, saboda yana ba mutane dariya. Na biyun ta ajiye shi a wani lungu, irin ajiyar da ake cewa ai na san inda na sa.

Baba ya rasu. Auta ta samu aiki. Yaya ya ci gaba da zama a rumfa, da ƙaramin ƙarfen narka dalma a hannu. Sana'ar manhaja kuwa ba ta jiran kowa, abin da ake yayi bana baɗi ya zama tarihi. Wani lokaci yakan tambaye ta da me ake rubutu yanzu, ta yi ta zuba, shi kuma yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin garin da ya taɓa zama a ciki, an rushe unguwarsu an yi titi.

A kamfanin akwai wata dama da ake ba manyan ma'aikata: duk wanda ya hau kujerar manya yana iya gabatar da mutum ɗaya a shekara, a kira shi a zauna da shi. Tun ranar da Auta ta ji haka ta ƙulla abu a ranta. Za ta hau kujerar, kuma sunan da za ta fara rubutawa na Yaya ne. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko Mama. Shekara uku tana karatu a cikin motar zuwa aiki, tana cin abincin rana da hannu ɗaya ɗayan na kan madannai. Aikin da kowa ya guda ita ke ɗauka. Dogo ya ce in ta ci gaba da haka wata rana kwamfutar ce za ta nemi hutu.

Wata Litinin da hantsi Manaja ya kira ta ofishinsa. Mutum ne da ba ya magana sai yana danna bayan biro, ƙas, ƙas. Ya ce hannunta na da kyau, ba mai ja. Abin da ya hana shi ɗaga ta tun bara shi ne laushin zuciya: in ta duba aikin wani sai ta yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron kuɗin mota.

"Babba shi ne wanda zai kalli aiki ya ce bai yi ba, ko da mai aikin na hawaye," in ji shi.

Sannan ya tura mata aikin gwaji. Za a ɗauki sababbin ma'aikata uku, mutum ashirin suka amsa jarrabawa, ita za ta tace su. Ya tuna mata tsarin gidan. An cire sunaye, kowa lamba ce kawai, don kada a yi sanayya. Duk gyaran da mai dubawa ya rubuta ana aika wa mai shi yadda yake, ya ƙaru da shi. Wanda bai ci ba kuma sai bayan shekara biyu zai iya sake ƙwanƙwasa ƙofa, ko wa ya kawo shi. In ta yi tatar da kyau, kujerar tata ce.

Jarrabawar ba wata babba ba ce. An ce kowa ya rubuta 'yar manhajar da za ta tsara layin marasa lafiya: ta ba mutum lamba, ta kira shi in lokacinsa ya yi, in bai zo ba ta wuce ta mayar da shi ƙarshen layi.

Kwana biyu tana dubawa. Da ta kai na goma sha uku ta waiwayi abin da ta rubuta, sai ta ga duk lallashi ne: an yi ƙoƙari, da ma a ce, wataƙila zai fi kyau. Ta ji ƙas, ƙas ɗin biron Manaja a kunnenta. A haka ta buɗe na goma sha huɗu.

Aikin yana tafiya, wannan kam ta gani. Ta gwada shi ta kowace fuska bai faɗi ba. Amma rubutun tsohon yayi ne. Abin da yanzu ake yi a layi biyu shi ya yi a goma sha biyar. Kayan aikin da kowa ke ɗauka a shirye shi ya zauna ya sassaƙa nasa da hannu. Wani wuri a tsare kamar an goge shi da dutsen guga, wani wurin kuma a hargitse, kamar mai rubutun ana kiransa yana tashi yana dawowa. Auta ta gyara zama. Ga inda za ta nuna tana da haƙora.

Ta fara jera gyare-gyarenta, ɗaya, biyu, uku. A na biyar ta rubuta cewa an ajiye takalmi a cikin tukunya, har ta yi ɗan murmushi. A na goma sha bakwai ta ci karo da wasu layuka talatin da ba a nema ba. Mai lamba goma sha huɗu bai mayar da wanda ya makara ƙarshen layi nan take ba. Ya sa manhajar ta riƙe masa gurbinsa har a kira mutum uku a bayansa, in ya iso a tsakanin nan a shigar da shi. Auta ba ta tsaya ta ce me ya gani ba. Ta rubuta: ba a ce a yi wannan ba, ƙari ne marar amfani, a goge. Da ta kai na ashirin da uku ta rufe da jimla biyu, waɗanda ta karanta sau biyu tana jin daɗin kaifinsu. Mai wannan aiki ya tsaya a inda ya koya shekara goma da suka wuce. Ba ta ga alamar zai kamo mutane ba.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta, ya yi fito. Ya ce Allah ya jiƙan mai lamba goma sha huɗu, ko makara ba a kawo ba an binne shi.

Bayan mako biyu Manaja ya miƙa mata wasiƙa, ya ce yanzu ta girma.

Ba ta jira an tashi ba. Ta nemi izini bayan azahar, ta sauka a bakin layinsu, wasiƙar a cikin jaka tana jin ta kamar garwashi mai daɗi. Tun a mota take tsara yadda za ta faɗa masa. Za ta bari sai ya gama murna, sannan ta ce, to Yaya, saura kai.

Ta tarar da shi sunkuye a kan wata waya da aka buɗe cikinta, ya maƙala gilashin ƙara gani a ido ɗaya. Rumfar kamar kullum: warin dalma, cajoji rataye kamar wutsiyar ɓeraye, kwalin matattun wayoyin da masu su ba su dawo ba. Abu ɗaya ne sabo. Tsohuwar kwamfutar nan mai maɓallin riga tana buɗe a gefen tebur, a jone, kusa da ita kuma takarda biyu da aka bugo, an danne su da sukundireba.

"Manyan gari," in ji shi, bai ɗago ba. "Yau kamfani ya ƙone ne, ko an gane ba kya komai an koro ki?"

Ta miƙa masa wasiƙar. Ya cire gilashin, ya goge hannu a wando kafin ya karɓa. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, ya sake komawa farko. Sannan ya ce Allah ya sa albarka, da ma Baba na nan, ya juya yana neman wani abu a cikin kwali wanda ba ya ciki.

Don ta ba shi sarari ne ta kai idonta kan takardun. Jeri ne mai lamba, ɗaya zuwa ashirin da uku. An bi kusan kowanne an yi masa alama da jan biro. Ta karanta na farko ta ji kamar ta san muryar. Ta karanta na biyu. A saman shafin, cikin ƙananan baƙaƙe, an rubuta lambar mai jarrabawa: goma sha huɗu.

Ta zauna a bencin masu jiran gyara.

Yaya ya lura da inda take kallo. Ya sosa ƙeya kamar wanda aka kama da hannu a kwano, ya ce ai ya ɗan gwada sa'arsa ne, a kamfaninsu ma kuwa. Bai faɗa mata ba don ba ya son a ce ƙanwarsa ce ta ɗauko shi a goye. Ya ji ana cire sunaye, ya ce to ga inda mutum zai shiga da ƙafarsa. Kwana biyar yana rubutawa, tsakanin mai fasasshen allo da mai wayar da ta faɗa ruwa. Ba a dace ba. Amma mai dubawar ya yi masa alheri, ya ce, domin tun da takardar ta zo yake bin gyaran ɗaya bayan ɗaya, ya koyi abin da bai koya ba a shekara goma.

"Guda ɗaya ne kawai ya tsaya mini," ya ce, ya ɗora yatsa a kan na goma sha bakwai, wanda babu jan biro a gefensa. "Ke da kike cikinsu, duba mini."

Bai jira ta duba ba. Ya ce ba ta taɓa bin su asibiti ba, tana makaranta lokacin. Akwai allon da ke nuna lamba a saman ƙofar likita. In lambar Baba ta fito, kafin ya ɗaga shi daga benci, ya saita masa sanda, ya jawo ƙafar da ba ta ji, su kai ƙofa, minti huɗu ne. Ya sha ƙirgawa. Allon kuwa minti ɗaya yake jira. Sai su iso daidai lokacin da wani ke shiga, a ce su koma su ɗauki sabuwar lamba. Akwai Talatar da sau uku aka yi musu haka. A na ukun Baba ya ce, da rabin bakin da ya rage masa, su tafi gida, ya gaji da tsere.

"Shi ya sa na ce a riƙe wa mutum gurbi. Amma an ce marar amfani ne." Ya yi 'yar dariya. "Wataƙila asibitocin yanzu kowa da gudu yake zuwa."

Auta ta buɗe baki. Sai wata mata ta iso da waya a hannu tana cewa tun safe ta ƙi caji, Yaya ya mayar da gilashin idonsa, Auta kuma ta miƙe ta ce Mama na jiran ta.

Washegari ita ta fara isa hawa na uku, ta tsaya a ƙofar Manaja har ya zo. Ta buɗe masa layuka talatin ɗin, ta ba shi labarin benci da ƙofa ba tare da ta ce bencin wa ba. Ta ce ta yi kuskure, a sake duba mai lamba goma sha huɗu. Manaja ya daina danna biro. Ya karanta layukan har ƙarshe, ya ce lallai wannan dabara ce, shekara nawa asibitoci na kawo musu ƙorafin tsofaffi ba wanda ya yi tunaninta. Ya ce ta sa musu ita a manhajarsu kafin ƙarshen wata.

Ta ce mutumin fa?

Ya ce mutum uku sun riga sun karɓi wasiƙa, bakin alƙalami ya bushe. Ta ce to ita yanzu tana da damar gabatar da mutum ɗaya, shi ta zaɓa. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce ai ta san doka, shekara biyu, ko wa ya kawo shi. Sai a lokacin ta ce yayanta ne.

Da Manaja ya yi magana muryarsa ta sauka, kuma wannan ya fi mata ciwo da a ce faɗa ya yi. Ya ce da ta yi shiru da wannan. Yanzu in ya karya doka, me za a ce? An ɗaga ta jiya, yau ta dawo da ɗan'uwanta ta taga. Ita za a zaga, shi ma a zage shi, kuma tsarin cire sunaye da aka kafa don irin yayanta ya mutu ke nan.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Kin yi tatar tsakani da Allah, ba ki san shi ba ne."

Ta fito tana maimaita maganar. Ba ki san shi ba. Mutumin da ya kama yatsunta ya ɗora a kan madannai.

Dogo ya ga fuskarta ya fara wasa, ya ce manya ba sa gaisawa da talakawa kuma. Can ya bar wasan, ya turo mata kofin shayi ta gefen allo. Ranar ta ɓalle zanen tukunyar daga bayan kujera ta jefa a aljihun tebur.

Mama kuwa ba ta san dawan garin ba. Ta ce ba za a ɗaga mata 'ya a yi shiru kamar an yi sata ba, ranar Asabar da la'asar maƙwabta za su zo a ci abinci a yi addu'a. Aka aro kujeru, aka jera lemo a cikin bokitin ƙanƙara. Kafin mutane su fara zuwa Auta ta je kiran Yaya, ta tarar yana rufe rumfa. Teburin a share yake. Babu takardun, kwamfutar kuma an naɗe ta da wayarta an sa a leda.

Ta tsaya a bayansa yana kokawa da kwaɗo. Ta ce, "Yaya, ni ce na duba."

Kwaɗon ya kulle. Ya ja shi sau biyu ya tabbatar, sannan ya juyo.

"Na sani, Auta. Tun a na biyar." Ya yi murmushi. "Duk duniya mutum nawa ne ke ajiye takalmi a tukunya? Ni da ke ne."

Ashe ranar da ya ɗora yatsa a kan na goma sha bakwai ya ce duba mini, ya san wa yake tambaya. Ta ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce me zai ce? Ashirin da biyu gaskiya ta faɗa. Da ya ga maganarsa ta fito daga bakin babbar ma'aikaciya har daɗi ya ji, ya ce ashe ba a banza Mama ta yi ta korar musu ma'aikata ba. Na goma sha bakwai ɗin ne kawai ya so ta ji dalilinsa, ko da sau ɗaya, kuma ta ji.

Ta ce za a sa dabarar a manhajarsu, asibitoci da yawa za su yi aiki da ita. Ya ce madalla, tsofaffi sun huta. Bai tambayi sunan wa za a rubuta a kai ba, ita ma ba ta iya faɗa ba. Ta ce shekara biyu ba nisa, za ta zauna da shi kullum kamar yadda ya zauna da ita, a teburin nan dai, za ta koya masa duk abin da ya wuce shi. Tana magana da sauri, kalmomin na tuntuɓe da juna.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce ba gyare-gyaren ne suka tsayar da shi ba, jimlar ƙarshe ce. Ya karanta ta ya fi a ƙirga yana neman inda ta yi ƙarya, bai samu ba. Da baƙo ne ya rubuta, da ya ce bai san shi ba ne, ya sake ɗaura ɗamara. Amma wadda ta rubuta ta san aikin, kuma ba ta ga fuskarsa ba balle ta ji tausayi.

"Irin wannan shaidar ba a samun ta sau biyu," ya ce. "In kin zauna da ni yanzu, duk abin da kika ce ya yi kyau ba zan yarda ba."

Ta ce ba don gaskiya ta rubuta ba, don Manaja ya gani ta rubuta. Ya ce ya sani, ai shi ma ya taɓa zama yaro a ofis. Amma wanda ya yi jifa don a yaba hannunsa, in dutsen ya samu tulu, tulun bai san dalili ba.

Ya miƙa mata ledar. Ta ƙi karɓa, ya kama hannunta ya rataya mata.

"Ajiye ta a wurinki. Ta fitar da mutum ɗaya, ta yi abin da za ta iya. Share fuskarki, kada Mama ta ce na doke ki ranar murna."

Falon ya cika. Mama na ta kai da kawo tana faɗa wa kowa sunan sabon muƙamin, kowane karo da yadda take faɗarsa. Wata maƙwabciya ta ce ita dai a taimaka a duba mata wayarta tunda an samu babbar injiniya a gida, aka ce ai wannan sashen Yaya ne. Yaya na tsakiya da bokiti yana raba lemo. Da aka nutsu ya fara ba da labarin yadda Auta ta koyi aiki: yadda ta taɓa rubuta manhajar da ta yi ta buga kalma ɗaya ba tsayawa, ta tsorata ta rufe kwamfutar da filo. Ya kwaikwayi fuskarta, ya kwaikwayi Mama da wayar wuta a ƙafa. Aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Wani dattijo ya ce kai ma ai da ka ci gaba da yanzu ba a san inda kake ba. Yaya ya ce a'a, Baba, kowa da inda aka kira lambarsa, ya miƙa masa lemo.

Auta na zaune a kujerar da ta fi kusa da ƙofa, ledar a kan cinyarta. Ta cikin ledar yatsanta ya laluba gefen murfin, ya ɗan ɗaga shi, ya shiga har ya taɓa maɓallin rigar. Yana nan daram, gam ɗin bai saki ba. Ta kalli yayanta. Daga inda take zuwa inda yake tsaye bai fi taku biyar ba, kuma ta rasa yadda za ta yi ta kai.

Mama ta ce a kawo faranti. Mutane suka juya wajen kicin, Yaya ya shiga sabon labari. Auta ta ɗauki takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta rungume ledar, ta zame ta bayan labule. Dariyar ta biyo ta har bakin layi, inda rumfar take a rufe. Ni ma bari in bi sawunta, tun ba a waiwayo ba.